Rijiyar da Ke Ƙarƙashin Teburin Guga

Tun kuna ƙanana kuke jin ana cewa Gwaggonku Rakiya ce ta rufe mini shago, ta tona wa ɗan'uwanta asiri don a ƙara mata girma a wurin aiki. A bakin famfo kun ji, a gidan biki kun ji, kuma na san akwai a cikinku wanda har yau in ya je gaishe ta daga tsaye yake yi ya fito. Ni kuwa ina ji ina gani na yi gum shekara da shekaru, domin shirun ya yi mini daɗi. Yanzu gemu ya yi fari fat, gwiwoyi sun fara ba ni labarin abin da ke tafe, ba na so in tafi da haƙƙin ƙanwata a wuyana. Wannan babi nata ne, ku karanta shi da natsuwa.

Wanki da bugu gadonsu na yi. Babanmu yana da rumfar bugu a bakin unguwarmu a nan Daura, kuma da ƙarar mabugi a kan itace na tashi. Amma ni tun ina saurayi idona ya fi cikina girma. Wata tafiya da na yi Kano na ga injin da ke wanke tufa ba ruwa ba sabulu, a sa kwat ko babbar riga mai aiki ta fito ba ta koɗe ba, zarenta bai tashi ba. Ban huta ba sai da na samo irinsa na hannu, na kafa shi a inda rumfar Baba take bayan rasuwarsa, na yi gini na shafa fenti. Kafin ka ce kwabo ma'aikata sun san ni, 'yan kasuwa na aiko da rigunansu a babur daga Mashi da Baure, har wani alhaji a Sandamu ya rantse ba mai taɓa masa shadda sai Haruna mai inji. Kai ya kumbura, ba na musu. Har tafiyata sai da ta canza, mahaifiyarku Saude tana nan da ranta, ku tambaye ta.

Injin nan da wani mai yake aiki, fari tas kamar ruwa, mai ɗan ƙamshi da ke hawa kai, a duro ake kawo mini shi. Yakan tace man ya sake amfani da shi, amma duk mako sai an kwashe wata baƙar laka mai wari daga gindinsa, da wani ruwa-ruwa da ke rabuwa da man. Wanda ya sayar mini da injin bai gaya mini inda zan kai wannan ƙazanta ba, ni ma ban tambaya ba. Na dai san ba zan zuba a kwata ba, domin agwagin maƙwabta da awakinsu a nan suke sha.

To, a bayan rumfar akwai rijiyar da Baba ya gina da hannunsa, wadda ta ƙafe tun ina yaro. Al'adarmu kuwa, in rijiya ta mutu ba a barin ta da baki buɗe, kada yaro ko dabba ya faɗa. Kowa a gida sai ya riƙa kai mata toka da shara da fasassun tukwane har ta cika, kuma ana ganin haka a matsayin aikin lada. Tamu tana da zurfi, shekara da shekaru ana zuba mata ba ta cika ba. Sai na ce ai ga wuri Allah ya ba ni. Da na faɗaɗa shagon na haɗa da ita a cikin ginin, na sa aka yi mata murfin siminti mai ɗan rami da marfi, na ɗora teburin guga a kai. Duk Asabar in ja tebur, in tuttule lakar, in mayar. Shekara tara ina haka, ina ma yaba wa kaina cewa duk garin ba mai wankin da ya kai ni tsafta.

Rakiya ita ce autarmu, shekara goma sha biyu na ba ta. A bayan kekena na riƙa kai ta makaranta, ni na saya mata akwatin ƙarfe ranar da za ta tafi makarantar kwana. Ta karanta kimiyya, ta dawo ta kama aiki a ɗakin gwaji na masu kula da ruwan gari. Aikinta shi ne ta bi rijiyoyin burtsatse da tankuna tana ɗibar ruwa a kwalabe, ni kuma ina tsokanarta da suna mai leƙen kwalba. Ɗaya daga cikin manyan rijiyoyin da take zuwa tana nan gangaren shagona, tafiyar da ba ta kai a sha kofin shayi ba. Wannan rijiyar ce ke cika tankin da unguwarmu da na kusa da mu suke sha, har da randar gidanmu.

A shekarar da nake ba ku labari aka fara aika kwalabensu wani babban ɗakin gwaji a wata jiha, inda ake iya gano abin da nasu na'urorin ba sa gani. Wata Juma'a bayan la'asar sai ga Rakiya a shago. Ta durƙusa ta gaishe ni kamar kullum, amma ba ta karɓi tsokanata ba. Ta je ta tsaya gaban duron mai tana karanta rubutun jikinsa, ta daɗe. Sannan ta ce an samu ɗan ɓurɓushin wani abu a ruwan rijiyar gangare, kaɗan ne ƙwarai, amma sunansa ɗaya da abin da ke cikin duron nan. Ta ce abu ne da ba ya nuna kansa yau ko gobe, sai an daɗe ana sha yake taɓa hanta da ƙoda, kuma ya fi tsananta ga jarirai da masu ciki. Ta ce ya fi ruwa nauyi, in ya shiga ƙasa nutsewa yake yi har sai ya tarar da ruwan da ke can ƙasa.

"Yaya, lakar injin nan ina take zuwa?"

Tana tsaye ne dab da teburin guga, hannunta ma a kansa yake. Ita tana goye rijiyar Baba ta mutu, ba ta san tana nan ƙarƙashin teburin ba. Na dubi injina, na dubi rigunan mutane a rataye, na ji bakina ya ce:

"Daji ake kaiwa. Can bayan gari."

Wannan ita ce ƙaryar. Ku riƙe ta, domin duk abin da ya biyo baya daga nan ya fito.

Maimakon in ji tsoro sai na ji haushi. Yarinyar da na goya a keke ce za ta zo ta koya mini ruwa? Washegari na ɗebi ruwan famfo a kofin silba na nufi wurin Liman Isiyaku, limamin masallacinmu, mutum mai sanyin hali wanda a gabansa na yi karatun littafi. Ban gaya masa komai ba, na ce dai ana ta surutu a kan ruwan nan, ya duba mana. Kun san abin da muka koya tun muna yara: ruwa yana nan da tsarkinsa muddin launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙamshinsa bai sauya ba. Liman ya ɗaga kofin a haske, ya sansana, ya kurɓa, ya ce wannan ruwa mai tsarki ne, a yi alwala da shi ba shakka. Na fito ina taku ɗaiɗai kamar wanda ya ci shari'a. Duk wanda na haɗu da shi sai na ce masa malamai sun duba, ruwa lafiyarsa lau, 'yan boko ne ke neman abin faɗi. Na daina zuba lakar a rijiya, na koma tara ta a tsofaffin duro, na ce wa kaina ai shi ke nan na gyara.

Wata huɗu aka yi a haka. Abin da ke ruwan bai kai a rufe rijiyar ba, amma duk gwaji sai ya ɗan ƙaru, kuma ba su san ta inda yake shigowa ba. Rakiya da abokan aikinta suka bi garejin makanikai da marina da gidan mai, rana ta ƙona ta har ta yi duhu. Dole ta sa shagona a jerin wuraren da za a duba. Suka zo suka ga kwata a share, ga laka a duro, har shugabansu ya yaba mini. Duk da haka na yi fushi da ita, na ce ta kawo mini hukuma har cikin shago. A lokacin ne na hana ku zuwa gidanta, manyanku za su tuna. Mahaifiyarku ba ta da yawan magana, sau ɗaya ta dube ni tana ninke kaya ta ce, Malam, wannan fushi naka ya yi yawa, ruwa fa ba ya tsami banza. Na ce ta ji da girkinta.

Inna, kakarku, ita ta warware komai, kuma ba ta ma san ta yi ba. Wata Asabar da hantsi tana zaune a gindin darbejiyar tsakar gida tana tsince zogale, ni ina ɗaure takalmi zan fita. Mahaifiyarku tana gefe da Halima a cinya, lokacin tana wata bakwai. Hira ta kawo maganar rijiyar gangare da surutun da ake yi a kanta, sai Inna ta taɓe baki ta ce ita dai tana da tsohuwar jiƙaƙƙa da wannan rijiya ta gwamnati.

"Ai ita ta kashe mana tamu. Shekarar da aka kunna mata inji, da ya fara ruri sai ruwanmu ya yi ƙasa, sai an ƙara igiya gaba biyu. Ranar da injin ya lalace kuwa, kwana biyu ruwa ya dawo mana. Babanku ya ce, Hajara, ba mutuwa rijiyar nan ta yi ba, ruwansu ɗaya ne, mai dogon wuya ya fi mai gajere sha."

Ta ci gaba da tsintar zogalenta. Ni kuwa takalmin nan ban gama ɗaure shi ba. Duk bayanin Rakiya na kimiyya bai shige ni ba, amma wannan na gane shi sarai, domin na tuna ƙarin igiyar, ni aka aika kasuwa na sayo ta. In rijiyar gangare tana iya janye ruwan tamu, to duk abin da na zuba a tamu can ya nufa. Shekara tara ba a rami nake zubawa ba, a bakin ruwan mutane nake zubawa. Ina cikin wannan tunani na ga Saude ta miƙa hannu ta ɗebo ruwa a randa da moɗa, ta kafa wa Halima a baki, tana sha tana wasa da ƙafa. Tsoron da na ji a wannan lokaci ban taɓa jin irinsa ba, kafin nan ko bayan nan. Na fizge moɗar har ruwan ya zube a zanin uwarku, suka bi ni da kallo kamar na taɓu.

Ban biya shago ba, gidan Rakiya na wuce. Na same ta tana wanke-wanke. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na tsaya a tsakar gidanta, ni babba, na faɗa mata komai: rijiyar Baba, murfin siminti, teburin guga, shekara tara. Na zaci za ta yi faɗa, da ta yi ma da na fi jin sauƙi. Sai ta zauna a kan turmi, hannunta duk kumfa, hawaye na zuba.

"Wata huɗu, Yaya. Wata huɗu muna yawo a rana, mutane suna sha."

Can ta share fuska ta ce gobe ba aiki, amma yau ɗin nan za ta kira shugabanta a kashe injin rijiyar. Sannan ta faɗi maganar da saboda ita nake wannan rubutu.

"Ba zan rubuta ƙarya ba. Zan rubuta cewa an gano tsohuwar rijiya a ƙarƙashin shagonka, an shekara tara ana zuba laka a ciki. Amma ba dole ne in faɗa wa unguwa yadda aka gano ba. In suka ji cewa na tambaye ka tun farko ka ɓoye, ba za ka sake zama cikinsu ba. Kuskure ana yafe shi, Yaya. Bar su su ce ni na tono."

Na yarda. Wannan ita ce kunyata ta biyu, kuma ta fi ta farko daɗewa.

Abin da ya biyo baya kun gan shi da idonku. Aka rufe rijiyar gangare, ruwa ya yi wuya, mata da 'yan ga-ruwa suna zuwa unguwa mai nisa, layi har bakin titi. Aka kulle injina, aka kwashe durona, aka fasa daɓen shagon aka yi ta haƙo ƙasa mai wari daga rijiyar Baba ana lodawa a mota. Mutane suka kasu biyu, amma mafi yawa tausayina suka ji: bawan Allah bai sani ba, al'ada ya bi, ga shi ƙanwarsa ta kai shi ƙasa. Rakiya kuwa ta sha baƙar magana. Aka ce boko ya cire mata kunya, aka ce ita ta jawo wa unguwa ƙishirwa. A gidan suna mata suka tashi daga tabarmar da ta zauna. Ba ta taɓa buɗe baki ta kare kanta ba. Ƙarin girman da ake faɗa kuwa, ni dai ban ga ta samu ba sai da lokacinsa ya yi kamar na kowa.

Liman Isiyaku ne kawai na san ya harbo jirgina. Bayan wata sallar azahar ya riƙe hannuna har kowa ya fita, ya ce, Haruna, rabin tambaya ka kawo mini, ni kuma na ba ka rabin amsa. Daga ranar ya riƙa yi wa mutane bayani a karatunsa cewa tsarkin alwala daban, lafiyar sha daban. Ido da hanci da harshe sun isa hukuncin farko, na biyu kuwa sai an tambayi masu gwaji, kuma addini bai yarda a cutar da kowa ba. Wannan karatu nasa ya yi aiki fiye da takardar hukuma, domin shi ya sa mutane suka daina fasa kwadon rijiyar suna ɗiba a ɓoye.

Na koma sana'ar Baba, ruwa da sabulu da sitaci da mabugi. Alhajin Sandamu ya ɗauke rigunansa, shekara biyu sai ga su sun dawo, wai bugu ya fi sa shadda ƙyalli. Ba mu yi arzikin da na yi mafarki ba, amma ba wanda ya kwana da yunwa a cikinku. Kafin shekara ta zagayo aka haƙa wa unguwa sabuwar rijiya can sama da mu, inda abin ba zai kai ba. Tsakanin shagona da rijiyar gangare kuma aka huda ƙasa wuri uku aka sa siraran bututu masu marfi da kwado, don a riƙa leƙa ruwan ƙasa a ga inda gubar ta kai. Da aka rasa wanda zai kula da su kada a cusa musu duwatsu, na ce a ba ni makullan. Rakiya ta dube ni, ta miƙo mini su.

Tun daga nan duk wata uku sai ta zo da akwatin ƙanƙara da kwalabenta. Ni ke buɗe kwado, ni ke riƙe mata igiya. Sai an fara zubar da ruwan da ya kwanta a bututun, sannan a ɗebi sabo, a cika kwalba maƙil har ya yi tozo, a rufe, a kifa ta a duba. In akwai kumfar iska ko da ƙwayar gero ce, zubarwa za ta yi a sake, domin abin yakan gudu cikin iskar ya ɓace wa gwaji. Ni da nake kiranta mai leƙen kwalba, sai ga ni na fi ta leƙe, har ina kama kumfar da ta wuce mata. In sakamako ya dawo takan biyo ta shago. Wani lokaci ta ce ya ragu, wani lokaci bayan damina ta ce ya ɗan motsa, kada in damu. Abin da aka zuba a shekara tara ba ya fita a shekara tara, wannan na koya. Bututun da ke jikin shagona har yau yana da ɗan saura. Ba zan kuma iya rantsuwa cewa ba wanda ruwan nan ya taɓa ba. Da wannan nake kwana nake tashi, ina roƙon Allah gafara, ina roƙon duk wanda ya sha.

Amma bututun da ke can gangare ya washe, na tsakiya ma ya bi shi, aka yi ta gwadawa shekara bayan shekara ba a ga komai ba. Bara aka kafa wa rijiyar gangare wani tanki mai gawayi na musamman da ke tace ruwa, don ƙarin kariya, aka sake gwadawa sau da dama, sannan aka ce za a kunna ta. Inna ba ta ga ranar ba, Liman ma haka, Allah ya jiƙansu. Rakiya ta riga ta yi ritaya, amma waɗanda ta koya wa aiki suka aika mata da mota. Halima, ke kika raka ni da ɗanki a baya, kin ga abin da ya faru.

Da ruwa ya zubo aka cika kofi aka miƙo mini, wai ni ne mai makullai. Mutanen unguwa suna tsaye, har da matan da suka tashi daga tabarma. Na riƙe kofin na juya, na faɗa musu abin da na rubuta muku a nan, ban rage komai ba. Rakiya ta sunkuyar da kai tana cewa, Yaya, ka bari mana, abu ya wuce. Ku da ba ku nan, wasunku sun ji a bakin mutane sun ce tsufa ne ya sa Baba yake wanke ƙanwarsa. Ba tsufa ba ne, ga shi na rubuta da hannuna. Makullan suna rataye a ƙusar bayan ƙofar shago, wanda ya gaje su ya riƙa buɗe wa masu kwalba, kuma in kun je gidan Gwaggonku ku zauna a ƙasa ku gaishe ta.

Na miƙa mata kofin da hannu biyu. Ta ja da baya, ta ce:

"Haba Yaya, babba ne ke fara sha."

Na ce, "Shi ya sa na ba ki."